Injin gazuwal ba zai riƙe Gure shi kaɗai ba

Da zarar bazara ta kama, zafin Afrilu ya sauko, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin mutanen Gure, tun daga tashar mota har rumfunan kasuwa: ƙasar da ke haƙo mai, take kuma tace shi a cikin jiharmu, me ya hana ta ba mu wuta mai zama? Mai walda yana yin ta, mai sayar da ƙanƙara yana yin ta, uwar da ta kwana tana yi wa jariri fifita ita ma tana yin ta. Tambaya ce mai tushe, wanda ya raina ta bai san zafin ƙasar Muniyo ba. Matatar SORAZ tana nan arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut, tun watan Nuwamba na 2011 take aiki, an gina ta don ta tace ganga dubu 20 a kowace rana. Babban bututun da ke kai ɗanyen man Agadem bakin teku a ƙasar Benin kuwa ya ratsa ƙasar Tesker, wadda har zuwa 2011 cikin gundumar Gure take. Mai yana wuce mu ta arewa, ana tace shi a yammacinmu, mu kuma muna lissafin awa nawa aka samu wuta jiya.

Amsar da aka fi ji daga bakin masu wannan tambaya ita ce a kawo manyan injuna, a zuba musu gazuwal ɗinmu, magana ta ƙare. Ni ban yarda magana za ta ƙare a nan ba. Inji yana da gurbinsa, gurbi babba ma, amma garin da ya ɗora rayuwarsa gaba ɗaya a kan injin gazuwal ya zaɓi wuta mafi tsada da ake da ita, kuma ranar da kuɗi suka yanke, ita ma ta yanke.

Haƙƙin inji dai ba a tauye shi. A ƙasa mai faɗin Nijar, inda tsakanin gari da gari sai a yi tafiyar rabin yini, injin gazuwal ne ya fara haska yawancin garuruwanmu. Ana ɗauko shi a mota, a girke shi kan daɓen siminti, a ja wayoyi, cikin 'yan watanni unguwa ta haskaka. Ba ya jiran damina, ba ya jiran rana ta fito. Kwatanta wannan da madatsar ruwan Kandaji a jihar Tilaberi, wadda aka aza harsashinta a 2008 da alkawarin megawat 130: yaran da aka haifa a shekarar sun zama samari, ba a kunna ko ƙwai ɗaya da wutarta ba. Wanda ya ga haka, ba za ka ga laifinsa ba idan ya ce a ba shi injin da zai ji ƙararsa da kunnensa.

Shekarar 2023 ta ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta zauna a Abuja ranar 30 ga wata ta ƙaƙaba takunkumi, farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take sayar mana. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Yamai tana sha ta layin Birnin Kebbi tun 1976, mu kuma nan tsakiya da gabas ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Dare ɗaya aka rufe famfon. Abin da ya hana ƙasa dulmuya cikin duhu ɗungurungum shi ne injuna masu shan mai: tashar Goru Banda mai megawat 80 da aka buɗe a watan Afrilu na 2017, tashar Gudel mai megawat 89 da kamfanin Istithmar ya gina aka buɗe a 2021, 'yar'uwarta mai megawat 22 a Damagaram, da rarar wutar da matatar SORAZ ke turowa. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Wata bakwai ke nan ƙasa tana tafiya da ƙarfin injuna. Ba mamaki da Maroko ta tashi yi wa Nijar kyauta a ƙarshen 2024, tashar injuna ce ta megawat 20 ta girka a Yamai, aka kuma karɓa hannu biyu.

To amma a zauna a yi lissafi, lissafin da kowane mai injin niƙa ya iya da ka. Litar gazuwal guda tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat-awa goma, ma'aunin nan da mita ke ƙirgawa a bangon gida. Inji mai lafiya ba ya mayar da fiye da uku da rabi zuwa huɗu su zama wuta. Sauran duk zafi ne da hayaƙi, yana fita ta salansa da ruwan sanyaya inji. Ke nan kowane kilowat-awa ɗaya yana cin kwatan lita ko fiye da haka. Da aka rage farashi a watan Yulin 2024, litar gazuwal ta koma sefa 618, dala ɗari da ashirin da 'yan kai a lissafin kasuwa. Raba wannan gida huɗu, ka ga kuɗin mai kaɗai ya haura sefa 150 a kilowat-awa guda, ba a sa baƙin mai ba, ba a sa kayan gyara ba, ba a sa albashin ma'aikata ba, ba a sa bashin da aka ci aka sayi injin ba, ba a sa wutar da ke zurarewa a cikin waya kafin ta iso gida ba. Shi kuwa ƙaramin magidanci mai ƙwai uku da fanka ɗaya, abin da ake cajinsa a kilowat-awa bai kai sefa ɗari ba. Ko an yi wa kamfanin wuta rangwamen mai, giɓin yana nan, an dai matsar da shi ne zuwa wani aljihu na gwamnati.

Ma'anar wannan mai nauyi ce, ya kamata a tsaya a kanta. Duk kilowat ɗin da aka samar da gazuwal aka sayar wa talaka, an sayar da shi a kan faɗuwa. Ɗan kasuwar da ke faɗuwa a kan kowane kaya da ya sayar ba ya ɗokin ƙara ciniki. Shi ya sa a ƙananan garuruwan da ke dogara da injinsu kaɗai za ka tarar ana kunna shi da magariba a kashe shi tsakar dare, ba don injin ya gaji ba, sai don man da aka ware wa garin ke nan. Shi ya sa kuma sabuwar unguwa za ta yi shekaru tana jiran a kafa mata turaku. Ba mugunta ba ce kullum, sau da yawa lissafi ne. Inji mai megawat ɗaya, idan ya yi aiki da cikakken ƙarfinsa dare da rana, yana shanye lita sama da dubu shida a kwana guda. Tankar mai babba ba ta kai shi mako. Kuma tankar nan sai ta biyo kwalta daga Damagaram, kilomita sama da 160, ta wuce Mirya da Gidimuni da Gidigir, ita ma tana shan nata gazuwal ɗin a hanya.

Za a ce ai man namu ne. Namu ne a ƙarƙashin ƙasa, amma kafin ya zama gazuwal a cikin tanki ya bi ta hannaye da yawa, kowanne da kuɗinsa. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ke da kashi 60 cikin ɗari na matatar SORAZ, gwamnatin Nijar tana da 40. Bashi aka ci aka gina ta. Kamfanin SONIDEP mai rarraba mai saye yake yi kafin ya raba. Litar da aka ƙona a tashar wuta lita ce da ba ta shiga motar da ke ɗauko gero ba, ba a kuma sayar da ita waje an samu kuɗin magani ba. Mun gani da idonmu a watan Agustan 2022, lokacin da farashin mai ya tashi a duniya bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine: gazuwal ɗin da ake tacewa a cikin jiharmu ya tashi daga sefa 538 zuwa 668 rana ɗaya. Kusancinmu da matata bai kare mu ba. A watan Maris na 2025 kuma ƙasa mai haƙo mai ta wayi gari da dogayen layuka a gidajen mai ana neman fetur. Matata guda ce tak a ƙasar nan, kuma duk matata tana da lokacin da ake tsayar da ita a yi mata gyara.

Ƙananan ƙasashen bakin teku sun riga mu ɗanɗana ƙarshen wannan hanya. Saliyo da Gini Bisau sun ɗauki hayar jiragen ruwa masu ɗauke da injunan wuta daga kamfanin Karpowership na Turkiyya, jirgi ya tsaya a gaɓa yana tura wa birni wuta. Abin ya yi daɗi da farko, saboda cikin ɗan lokaci aka ga haske. A watan Satumban 2023 kamfanin ya kashe wa Freetown wuta saboda bashin da ya kai dalar Amurka miliyan 40. Wata guda bayan haka ya yi wa birnin Bisau irin wannan, babban birnin ƙasa ya kwana cikin duhu har sai da aka biya wani abu. Babu takunkumi a nan, babu juyin mulki, babu maƙwabcin da ya yi fushi. Kuɗin mai ne suka taru suka fi ƙarfin baitulmali. Mun koyi darasin cewa wutar maƙwabci tana iya yankewa saboda siyasa. Ya kamata mu haɗa da darasi na biyu, cewa wutar inji tana iya yankewa saboda talauci, kuma talauci ya fi takunkumi daɗewa.

Sannan akwai abin da takardun ofis ba sa nunawa, sai wanda ya shiga ɗakin inji a tsakiyar bazara. Ƙara ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, sai da hannu ake nuni. Ƙasa ta yi baƙi da ɗigon mai, iskar ɗakin tana ƙona fuska. Makanike yana zagaye da tsumma a kafaɗa, idonsa a kan allurar zafi, domin inji da aka rubuta masa ƙarfi kaza a masana'antar Turai, idan zafi ya haura digiri 40 ba ya iya ba da wannan ƙarfin, dole a rage masa kaya ko ya tsaya da kansa. Wato a daidai watannin da kowa ya kunna fanka da firji, a lokacin ne injin ya fi rauni. Idan hunturu ya zo kuma ƙura ce: matacin iska da ya kamata ya yi watanni sai ya toshe cikin 'yan kwanaki, in an yi sakaci yashi ya shiga ya cinye zobban fistan. Baƙin mai sai an canza shi duk bayan 'yan ɗaruruwan awowi. Ranar da famfon fesa mai ko turbo ya lalace, ba a Gure za a same shi ba, sau da yawa ba a Damagaram ba ma. Sai an rubuta, an jira sa hannu, an yi oda daga waje. A ƙasar da ba ta da teku, wadda iyakarta da Benin ta daɗe a rufe, ƙarfe mai girman tafin hannu yana iya ajiye inji wata uku.

Ƙaramin misalin wannan yana kowace unguwa. Ka tsaya wurin mai niƙa da hantsi, mata sun jera ƙorai da robobi na gero da dawa, injinsa mai silinda ɗaya yana bugawa, ganga cike da ruwa a gefe tana tururi, bel yana kaɗawa. Da kwalbar lita yake auna gazuwal, kuma ya san tiya nawa kowace kwalba za ta niƙa. Ranar da mai ya tashi, washegari kuɗin niƙan tiya ya tashi, matar da ba ta da cikon ta koma ga turmi. Shi bai karanta tattalin arziki ba, amma ya san abin da wasu masu tsara manufofi ke mantawa: sayen inji sau ɗaya ne, ciyar da shi kullum ne.

Kada a fahimce ni da cewa a koma a miƙe ƙafa a kan wutar Najeriya. Ba na cikin masu cewa a tsinke layin Katsina don fushin abin da ya faru. Wutar da ke zuwa ta can ta fi ta gazuwal araha nesa ba kusa ba, kuma Katsina da Damagaram ba baƙin juna ba ne, tun kafin a ja iyaka ake cuɗanya. Jami'an Najeriya da bakinsu sun sha faɗa cewa sayar mana da wuta yana da nasaba da ruwan kogin Kwara da ke biyowa ta ƙasarmu kafin ya isa madatsar Kainji, ke nan ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda, ba sadaka ba. A riƙe layin, a sha araharsa duk sanda yake da wuta. Sai dai Najeriya kanta ba ta ƙoshi ba. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kai wuta arewacinta suka lalace, Kano da Katsina sun shafe kwanaki cikin duhu, kuma daga wannan Katsinar namu layin yake tasowa.

Abin da ya rage, wanda ba a saye, ba a ɗaukowa a tanka, ba kuma wanda zai iya sa masa takunkumi, shi ne ranar nan da muke kuka da ita. A yawancin ƙasar Nijar kowane murabba'in mita yana samun ƙarfin rana da ya kai kilowat-awa biyar zuwa bakwai a yini. Wannan ba sabon labari ba ne a wurinmu. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969, lokacin da yawancin duniya ke ɗaukar maganar a matsayin mafarki. Ya rasu a 1991 bai ga zamanin da abin zai yi araha ba. Zamanin ya zo: tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan hasken rana, waɗanda muke kira pano, ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018. Ta Goru Banda mai megawat 30 an kunna ta a ƙarshen 2023, ana tsakiyar takunkumi, kuma mutanen Yamai sun ga bambanci da rana. Jama'a ma ba su jira gwamnati ba. A kasuwar Gure da ta Subdu za ka ga pano a jingine ana ciniki kamar tabarma, makiyayi yana ɗaure ƙarami a kan kayansa don cajin waya, mai shagon caji ya jera wayoyi hamsin a kan batir guda.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne. Rana tana faɗuwa, alhali da magariba ne gari ya fi buƙatar wuta. Batir yana da tsada, zafinmu kuma yana rage masa kwana. Duk wanda ya sayi na gubar nan mai arha ya san bai cika shekara biyu yana riƙe caji ba. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar pano ta rage masa ƙarfi, wanke shi kuma yana son ruwa a wurin da ruwa ke da daraja. Kuɗin farko yana da yawa, kuma wasu daga cikin masu ba da rancen irin waɗannan ayyuka sun ja baya tun 2023. Duk wannan ne ya sa ban ce a kashe inji a sayar da shi ga 'yan gwangwan ba. Cewa nake yi a sauya masa aiki. Daga hantsi zuwa la'asar rana ta ɗauki gari. Batir matsakaici ya riƙe tsakanin la'asar da isha, ya kuma tare giɓin da gajimare ko ƙura ke kawowa. Inji ya karɓi dare, ya zauna cikin shiri don ranar da komai ya ƙi. Injin da ke aiki da dare kaɗai maimakon awa ashirin da huɗu yana shan kusan rabin man da yake sha, lokacin babban gyaransa yana nisa, kuma yana hutawa a daidai awowin da zafi ya fi gallabarsa. Akwai ƙa'ida guda da masu aikin suka sani: ba a barin injin gazuwal yana tafiya da ɗan ƙaramin kaya, ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, domin man ba ya ƙonewa sosai, sai ya dasƙare a ciki ya lalata shi. Saboda haka ƙananan injuna biyu ko uku da za a riƙa kunnawa gwargwadon buƙata sun fi ƙato guda ɗaya da za a yanke masa kyalle a ɗauki hoto.

Dalilin da ya sa wannan tsari ya dace da Gure musamman shi ne irin aikin da ƙasar take yi. Arzikinmu da rana ake nemansa. Kwarurukan nan da ke tsakanin tuddan yashi, daga kudancin Gure zuwa Gudumariya da Maine Sorowa, inda dabino da goruba ke tsaye, ana noma rogo da rake da albasa a ƙarƙashinsu, ana kuma ɗibar kanwa, ruwansu ba shi da zurfi. Abin da ke cinye ribar mai lambu shi ne fetur ɗin injin ban-ruwa. Shekara da shekaru man 'yan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya ne ya rufa masa asiri, amma tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023, wannan arahar ta tafi. Famfo mai aiki da rana ba ya buƙatar batir ko kaɗan: rana ta fito ya ja ruwa ya zuba a tanki, rana ta faɗi ya tsaya. Niƙa da rana ake yin ta, walda da rana, ɗinki da rana, ƙanƙara ana iya daskarar da ita da rana ta kwana da sanyinta. Madarar da makiyaya ke kawowa ta lalace kafin azahar, naman da mahauci ke karyar da farashinsa da yamma don kada ya kwana, allurar rigakafin da ke buƙatar sanyi a gidan likita na ƙauye, duk matsaloli ne da wutar rana ke iya warwarewa ba tare da an ƙona lita ɗaya ba.

A nan ma akwai abin lura. Famfon da ba ya cin kuɗin mai yana sa mutum ya bar shi yana ja tun safe har yamma. Ruwan kwari ba teku ba ne, idan aka matsa masa yana sauka, gishiri da kanwa su hau su kashe ƙasar. Mutanen da suka yi shekaru suna kafa shingen kara da dasa itatuwa don tsayar da yashin da ke binne kwarurukansu ba za su so su rasa su ta wata ƙofar ba. Duk shirin raba famfuna ya zo da awon zurfin ruwa da yarjejeniya tsakanin masu lambu, da sanin sarakuna da masu unguwa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake kai megawat. A duk faɗin ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a gidansa, a karkara kuwa abin bai kai haka ba ko kusa. Duk da haka, ka duba jerin manyan tashoshin da na ambata: Goru Banda, Gudel, kyautar Maroko, duk a Yamai suke. Na fahimci dalili, can ne jama'a suka fi taruwa, can ne kuma kukansu ya fi saurin isa kunnen masu mulki. Amma megawat biyu ko uku, abin da ba zai ko motsa allurar Yamai ba, zai iya sauya rayuwar gari kamar Gure da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Dokar man fetur ta ƙasar nan ta riga ta amince da cewa yankin da ake haƙo mai yana da haƙƙi na musamman, har ta ware masa kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ke shigowa. Ƙasar da bututu ya ratsa, wadda makiyayanta ke kewaye shi da dabbobinsu, wadda kuma ake neman mutanenta su sa ido a kansa tun harin da aka kai masa a yankin Tesker a watan Yunin 2024, ita ma tana da bakin magana. Mutum ya fi tsare abin da yake ganin amfaninsa a gidansa.

Akwai kuma maganar hannu. Ayyukan hasken rana da yawa sun mutu a ƙauyukanmu, turakun fitila suna tsaye babu haske, ba don rana ta daina fitowa ba, sai don batir ya mutu ko wata 'yar na'ura ta ƙone, wanda ya girka kuma ya koma inda ya fito. Idan za a kashe miliyoyi a kan ƙarfe, a ware wani kaso a horar da samari da 'yan matan garin, a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko a makarantun koyon sana'a, waɗanda za su iya karanta na'urar juya wuta su kuma kwance famfon inji. A ajiye kayan gyaran da aka san suna yawan lalacewa a cikin garin, ba a Yamai ba. Makaniken da ke kwana da injinmu a yau ya fi kowa sanin halinsa, shi ya kamata a fara tura wa horo, ba a kawo wani a ɗora a kansa ba.

Kuma a bar jama'a su ga lissafi. Duk wata, a liƙa takarda a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a karanta ta a rediyon gari da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci: awa nawa gari ya samu wuta, awa nawa ya rasa, mene ne dalili, lita nawa aka ƙona domin yankin, nawa kuɗinta. Gazuwal kaya ne mai saurin bin wata hanya tsakanin tanka da tanki, kuma lissafin da kowa ke gani yana da wuyar ɓata. Da wannan takarda a hannu, masu riƙe da gari, zaɓaɓɓu ne ko naɗaɗɗu, da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin masu lambu za su iya zuwa Damagaram da Yamai da magana mai lamba: ga abin da ake ƙonawa a shekara, ga kuɗin filin pano da batir da zai rage shi da rabi, ga shekarun da zai ɗauka ya biya kansa. Filin ba zai yi wuyar samu ba, megawat ɗaya bai fi eka huɗu zuwa biyar yake ci ba, kuma hukumar gari tana iya ware shi tun yanzu, kusa da inda wayoyi suke, kafin gine-gine su cinye wurin.